Inda Aka Kai Lauwali

Ba da son ranta Dela ta hau bayan babur ɗin Lauwali ba. Ruwa aka wayi gari ana yi, hanyar rugarsu da ke bayan Gwiwa ta caɓe, babu ɗan acaɓar da ya yarda ya shigo. Ga 'yarta Shatu ta haihu a Kazaure, ga mijinta ya bi motar shanu zuwa Kudu, ba a san ranar dawowarsa ba.

Lauwali shi ne ɗanta na fari. A wajenmu, balle a gidan Fulani irin nasu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa mutane cewa ta damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi ta tafi da shi Roni. A can ya girma, a can ya koyi gyaran injin ban ruwa, a can kuma ya ci gaba da zama shi kaɗai bayan tsohuwar ta rasu. "Adda" yake ce wa Dela, kamar wata yayarsa. Ita kuwa in ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "na Roni".

Da ruwa ya tsagaita, Lauwali ya zo ya tsaya daga bakin shinge ya yi sallama.

"Adda, an ce za ki Kazaure."

"Haka aka ce."

"To ga babur."

Ta zauna can ƙarshen kujera, ta sa ƙwaryar man shanu da ƙullin yajin mai jego a tsakaninsu, ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya. Har suka wuce Roni babu wanda ya ce uffan, in ban da sau ɗaya da ya ce ta gyara akwai rami, ta ce to.

Gaba da Roni akwai inda hanya ta kewaye wani dutse. A nan wata a-kori-kura cike da buhunan taki ta ɓullo, tana kauce wa ramin da ruwa ya cika, ta shigo hannunsu. Dela ba ta ga komai sosai ba. Ƙara ta ji, sai ta tsinci kanta kwance a gonar gero, ƙasa mai laushi ta tare ta, gwiwar hannunta kawai ta goge. Da ta ɗago, motar ta yi gaba ba ta tsaya ba. Lauwali yana kwance a kan kwalta, ba ya motsi.

Mutane suka fito daga gonaki da fartanyoyinsu. Wasu suka karyo rassa suka jera a kan titi don motoci su rage gudu. Wata ƙaramar mota ta tsaya, cike da mutane, mai ita wani baƙo ne da farar riga. Aka matsa aka samar wa mai rauni wuri a baya, da ɗan gurbin mutum ɗaya.

"Wa ke tare da shi?" in ji mai motar. Ya juyo wajen Dela. "Baiwar Allah, ɗanki ne?"

Maza ne zalla a wajen, duk suka zuba mata ido. Bakinta ya riga zuciyarta amsawa, da irin amsar da ya saba tun tana yarinya.

"Ɗauko ni ya yi."

"Fasinja ce," wani ya faɗa. Wani saurayi ya shiga ya tallafe kan Lauwali, aka rufe ƙofa, motar ta nufi Kazaure.

Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta riƙa faɗa wa kanta ke nan tana tsaye a gefen titi, tana kallon yadda ake zuba ƙasa a kan jinin, ana tura babur ɗin ƙarƙashin wata bishiya. Man shanun ya watse a kwalta, ƙudaje har sun same shi. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka koma gonakinsu, don damina ba ta jiran kowa. Wani dattijo ne ya rage, ya lura ba ta da niyyar tafiya.

"Ke kuma ina za ki?"

"Ina suka kai shi?"

"Allah masani. Mai motar da ya ɗauke shi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Wayar yaron ma ga ta can ta tarwatse." Ya dube ta na ɗan lokaci. "In kin damu ki sani, je ki caji ofis ki kai rahoto. Su suke sanin inda ake kai irin waɗannan."

Shi ya tsayar mata da mota, ya yi wa direban kwatancen inda zai sauke ta.

Dela ba ta taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba. A ruga, in ka ji an ambace su, to shanu sun shiga gonar wani, kuma maza ne ke zuwa. Ta daɗe a bakin ƙofa tana gyara mayafi kafin ta cire takalminta ta shiga da sallama.

Ɗaki ne mai doguwar kanta da benci ɗaya. Wani ɗan sanda mai jiki, da igiya uku a hannun rigarsa, yana gaigayar gasasshiyar masara. Sunansa Saja Jalaluddeen. Daga bayan kanta wani saurayi yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Inna, mai da takalminki, nan ba masallaci ba ne," in ji Sajan. "Lafiya?"

"Yallaɓai, mota ce ta buge mu."

"A ina?"

"Gaba da Roni, wajen dutse."

Ya ajiye masarar, ya goge hannu a wando. Saurayin da ke ƙasa ya ɗago kai, idanunsa jajur.

"Ga wanda ya buge ku nan," in ji Saja. "Musaddiƙ yake da suna. Da ƙafarsa ya kawo kansa, ya ce ya ji tsoron in ya tsaya mutane su far masa. Na tura Kofur wajen, ya tarar an kwashe kowa, har jinin an rufe, sai babur ɗin kawai ya ɗauko. Ke ce ta bayan babur ɗin?"

"Ni ce."

"To alhamdu lillahi, ga ɗaya a tsaye. Mai babur ɗin fa, ina aka kai shi?"

"Abin da na zo tambaya ke nan."

"Mu ma shi muke nema." Ya jawo biro. "Zauna. Ya sunansa?"

Dela ta zauna a bakin bencin. Ta dubi ƙafafunta, taɓon gonar ya bushe a kansu.

"Inna, ke fa kika zo da kanki. Ba kama ki aka yi ba."

"Sunan da ake sa wa na farko."

"Auwalu? Lawal?" Ya tsaya. "Lauwali."

Ta gyaɗa kai.

Saja Jalaluddeen ya ajiye biron. Ya dubi kitsonta da ya leƙo, ya dubi gwiwar hannunta da ke tsattsafo da jini.

"Aka tambaye ki a titi, kika kasa cewa naki ne. Shi ya sa suka tafi suka bar ki."

Ta ja mayafi ta rufe kitson.

"Kayya, ku iyayenmu," ya ce yana girgiza kai. "Ni ma ɗan fari ne. Tawa tsohuwar tana Babura, har yau 'kai mai kaki' take ce min. Ranar da aka ƙara min igiya ta aiko da zakara, ta ce wai na maƙwabta ne ya ɓata hanya." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, da ya ga ba ta taya shi ba sai ya ɗauki wayarsa.

Ya fara da asibitin cikin gari. Aka ce ba a kawo kowa daga hanyar Roni ba. Ya kira wani ɗakin shan magani, ya kira wani abokin aikinsa, ya kira wani kuma. Dela tana jin sunan ɗanta yana fita daga bakinsa sau da yawa, a sauƙaƙe, kamar sunan kowa. A wani ɗaki daga ciki rediyo na magana, wasu suna gardamar ƙwallo. Babu wanda ya leƙo.

Can ya sauke wayar, fuskarsa ta canza.

"Sunan ba zai yi mana amfani ba. A sume yake, ba takarda a jikinsa, kuma masu kai mutum asibiti ajiyewa suke yi su gudu, kada a riƙe su da tambaya. Amma an sami biyu da ba a san ko su waye ba, duk samari, duk hatsarin babur, kin san ranar ruwa. Ɗaya a wani asibiti ta hanyar Daura, ɗaya ta hanyar Kano." Ya juya wayar a hannunsa. "Na hanyar Kano yana da rai, jini ake nema a ƙara masa. Na hanyar Daura Allah ya yi masa rasuwa."

Musaddiƙ ya ɗora hannu biyu a ka yana salati a hankali.

Dela ta ji kamar bencin ya yi nisa da ƙasa. Amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah ya ji ƙan Musulmi," kamar yadda za ta faɗa in an ba ta labarin mutuwar wani a kasuwa.

Aka turo hoton mai ran ta waya. Saja ya miƙo mata. Kai ne naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure, leɓe ya fashe. Ta kalla ta kawar da kai, ta sake kallo.

"Shi ne?"

"Ban sani ba."

"Duba dai da kyau."

"Yallaɓai, ban cika kallon fuskarsa ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma da ta ji maganar ta fito sai ta ji nauyinta. Shekara ashirin da wani abu, in ya shigo ta wannan ƙofa ita ta fita ta waccan. In ya durƙusa gaishe ta, tukunya take kallo.

"Wace riga ce a jikinsa?"

"Shuɗiya. An ɗinke wuyan da baƙin zare."

Ya tambaya a waya. Aka ce an yanke rigar an jefar, jini ya rine ta, ba wanda ya lura da launinta. Na hanyar Daura kuwa Saja bai nemi hotonsa ba. Wataƙila ya ga bai kamata a fara ta nan ba.

"To sai alama," ya ce. "Tabo, ko tsaga, ko wani abu a jiki. In babu, sai dai mu ɗauke ki mu je ki duba gawar tukuna, don can ya fi kusa. Ni kuma ba na son haka."

Wasu 'yan sanda biyu sun fito daga ciki sun jingina da ƙofa suna saurare. Dela ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Abin da ake nema ta faɗa, ko uwar da ta haife ta ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba, balle maza baƙi masu kaki.

"Inna," in ji Musaddiƙ daga ƙasa. "Don girman Allah ki tuna wani abu. Ni ko ɗaure ni za a yi a ɗaure ni. Amma in san ko na kashe mutum."

"Kai, rufe mana baki," in ji ɗaya daga na bakin ƙofa. "Da ka san haka ka shiga hannun mutane?"

"Ƙyale shi," in ji Saja. "Ku ma ku koma ciki, ba wasan kwaikwayo ake yi ba."

Suka koma. Dela ta juya ta fuskanci bango, inda aka manna wata tsohuwar kalanda. Da bangon ta yi magana, ƙasa-ƙasa, har sai da Saja ya miƙo wuya.

"Akwai tabo a bayan kunnensa na hagu. Karsana ce ta tunkuye shi yana yaro. Ba na nan, labari aka kawo min. Sai a wani suna da ya sunkuya yana gaida mutane na gani."

"Kunnen yana cikin bandeji. Sai kuma me?"

"Ɗan yatsansa na ƙafa, ƙaramin, ba shi da farce. In yana tafiya yana ɗan jefa ƙafar dama waje, irin tafiyar kakansa. Ba ya cin kuɓewa. In ya yi dariya yana rufe baki da hannu, don haƙorinsa ɗaya ya hau kan ɗaya." Ta ƙara rage murya. "Akwai furfura ƙwaya ɗaya a ƙeyarsa. Yau na gan ta."

Saja bai katse ta ba, ko da yake yawancin abin da take faɗa ba zai shiga waya ba.

"A tafin ƙafarsa ta dama akwai baƙin tambari, kamar ƙwayar wake. Da shi aka haife shi. Lokacin ina jego, in kowa ya fita daga ɗaki, nakan buɗe zanen in duba."

Saja ya kira nas ɗin asibitin hanyar Kano ya faɗa mata. Ta ce hannunta da aiki, a ba ta ɗan lokaci za ta kira.

Yayyafi ya dawo yana buga kwanon rufi. Wata mata ta shigo da ƙarar an sace mata akuya, aka ce ta jira a waje. Saja ya ɗauki masararsa, ya dube ta, ya mayar ya ajiye. Dela ba ta juyo daga bangon ba. Tana jin kamar ta tuɓe a tsakiyar kasuwa, kuma babu ko mutum ɗaya nata a kusa da zai ce mata ta yi daidai ko ta yi abin kunya.

Wayar ta yi ƙara. Saja ya saurara, ya ce "to", ya sake cewa "to, madalla".

"Inna, ƙwayar wakenki tana nan. Farcen ma babu. Naki ne mai ran."

Musaddiƙ ya kifa goshinsa a siminti yana kuka. Dela ta sauke mayafin daga fuskarta, ta ce alhamdu lillahi, ta miƙe za ta fita, ko takalmi ba ta nema ba.

"Tsaya mana, da ƙafa za ki? Kofur zai kai ki a mota. Amma ba ni bayaninki tukuna, ba zai ɗau lokaci ba. Yaya abin ya faru?"

Ta faɗa masa yadda ta sani. Suna hannunsu, motar ta kauce wa rami ta shigo musu. Ya tambaya ko motar gudu take yi sosai. Ta ce ita ba ta san gudun mota ba, ba za ta ɗora wa yaro abin da ba ta gani ba. Musaddiƙ ya ce haka aka yi, shi ne ya shiga hannunsu.

"Saura abu ɗaya," in ji Saja. "Dole in rubuta mene ne tsakaninki da wanda aka buge. Asibiti ma za su tambaya kafin su ɗebi jininki. Fasinja zan sa?"

"Ka sa ni na haife shi."

Ya rubuta, ya kama babban yatsanta ya dangwala a tawada ya danna a takardar. Da za ta wuce, Musaddiƙ ya rarrafo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe min."

"In ya tashi ka tambaye shi," ta ce. "Shi ka karya."

A asibitin aka gwada jininta, ya yi daidai, aka ɗiba. Sannan aka nuna mata ɗakin maza. Kowane gado da mutanensa, wasu a kan tabarma, wasu da kulolin abinci da butoci, ana ta hira ƙasa-ƙasa. Gadon ƙarshe ne kawai babu kowa a gefensa. An ɗaure masa ƙafa ɗaya, kansa a naɗe, jini na sauka ta siririyar roba zuwa hannunsa.

Babu kujera. Ta shimfiɗa gefen zanenta ta zauna a ƙasa, daidai inda za ta iya ganin fuskarsa. Tun da barci yake, ta kalla iya son ranta.

Bayan la'asar ya buɗe idon da bai kumbura ba. Ya daɗe yana kallon silin kafin ya gane akwai mutum kusa da shi.

"Adda."

"Na'am."

"Ba ki ji ciwo ba?"

"Ban ji ba."

"Babur ɗin fa?"

"Yana wajen hukuma."

Ya lumshe ido ya sake buɗewa. Da ya ga har yanzu shi take kallo, sai ya ji nauyi, ya juyar da kansa a hankali wajen bango.

"Shatu na can tana jiranki."

"Ta jira."

"Da kin sa an kira wani daga Roni ya zauna. Kya wahala a nan."

"Wa za a kira?"

Shi ma ya san babu. Daga gadon kusa wata tsohuwa ta miƙo mata mafici. Dela ta karɓa ta yi godiya, ta matsa kusa da gadon, ta shiga kore masa ƙudaje daga bandejin. Shi yana kallon bango, ita tana fifita, har aka kira magariba.